KWAMFUTOCIN ƘUNGIYA BA INJIN HAƘAR KIRIFTO BA NE



Wannan rubutu ra'ayina ne ni kaɗai, ba sanarwar ƙungiya ba ce. A zaman taro alƙalami ne a hannuna, ina rubuta abin da kowa ya faɗa, don haka ba na samun damar sa baki yadda nake so. Amma abin da ya faru a taronmu na ƙarshe, inda aka tashi baram-baram a kan ɗakin kwamfuta, ya fi ƙarfin in yi shiru. Tunda za a kaɗa ƙuri'a a zama mai zuwa, gara in faɗi tawa tun yanzu, kowa ya karanta a tsanake, wanda zai zage ni ya zage ni da hujja.

Bari mu fara da abin da muke da shi, domin na lura wasu masu ɗaga murya ba su taɓa leƙa ɗakin ba. Kwamfutoci goma sha biyu ne. Goma irin na ofis ne, tsofaffi amma lafiyayyu, kowace da furosesa mai hannu huɗu, wato tana iya riƙe aiki huɗu a lokaci guda. Biyu kuma suna da katin hoto mai ƙarfi, an saye su ne don matasan da ke koyon zane da haɗa bidiyo. Akwai faifan sola a kan rufi, da batura da inbata, duk daga karo-karon da muka yi, har da na iyayenmu mata masu sayar da ƙosai da masa. Abin da aka rubuta a littafin taro ranar da aka buɗe ɗakin a fili yake: wuri ne da 'ya'yanmu za su saba da kwamfuta, tunda daga 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya ta koma kan kwamfuta, kuma mun gaji da ganin yaro mai ƙoƙari yana faɗuwa don hannunsa bai saba da linzami ba.

Ɗakin yana cika da safe, ya sake cika bayan an tashi daga makaranta. Amma daga wajen ƙarfe goma sha ɗaya zuwa ƙarfe uku, babu kowa sai mai gadi. Kuma daidai wannan lokacin ne rana ta fi ƙarfi, batura sun riga sun cika, na'urar caji ta rufe ƙofa, wutar da faifan zai iya bayarwa tana tafiya a banza. Ba a ajiye ta, ba a sayar da ita. A kan wannan rarar wuta da waɗannan awowi huɗu ne ake ta jayayya.

Ɓangare uku ne. Na farko suna cewa a kunna na'urorin dare da rana su haƙo mana kuɗin kirifto, ƙungiya ta huta da bin mutane kuɗin wata. Na biyu suna cewa a ba da rarar ga ayyukan binciken kimiyya na sa-kai. Na uku, galibi dattawanmu, suna cewa a kashe komai a rufe ƙofa, a bar kaza cikin gashinta. Ni ina tare da na biyu, amma da sharuɗɗa masu tsauri, kuma ina adawa da na farko ba tare da wani ɓoye-ɓoye ba.

AIKIN GAYYA NE, BA WANI ABU BA

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san gayya. Gonar citta ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya kira jama'a, kowa ya zo da fartanyarsa, a raba kunya-kunya, kafin la'asar an gama. Abin da masu bincike suka yi ke nan da kwamfuta. Akwai lissafin da zai ɗauki kwamfuta ɗaya ɗaruruwan shekaru. Sai su yanka shi gunduwa-gunduwa, su aika wa dubban mutanen da suka yarda, kowace na'ura ta yi nata ta mayar da amsa ta intanet. A ayyuka da yawa ana aika gunduwa ɗaya ga na'urori biyu ko fiye a gwada amsoshinsu, don kada kuskure ko ha'inci ya shiga.

Ba jiya aka fara ba. A 1999 Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a Amurka ta ƙaddamar da SETI@home, wanda ya yi ta tace saƙonnin rediyo daga sararin samaniya har zuwa Maris na 2020 da aka daina raba aikinsa. Daga cikinsa ne David Anderson ya fitar da manhajar BOINC a 2002, wadda ayyuka da dama suke hawa kanta har yau. A 2000 Vijay Pande na Jami'ar Stanford ya fara Folding@home don nazarin yadda furotin ke naɗewa da motsi a jikin ɗan Adam, abin da idan ya karkace yake jawo cututtuka. A lokacin korona, cikin 2020, mutane suka yi tururuwa zuwa wannan aiki har ƙarfin lissafinsa ya zarce na kowace babbar kwamfuta guda da ke duniya a lokacin. Kwamfutocin ɗakunan kwana da na shaguna suna cikin waɗanda suka yi wannan. Haka kuma Rosetta@home na ɗakin binciken David Baker a Jami'ar Washintan, wanda aka fara a 2005. Mutumin nan yana cikin ukun da suka samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024 saboda aikinsa a kan furotin.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu? Ruwanmu a ciki har wuya. A 2004 kamfanin IBM ya kafa World Community Grid, wanda daga baya ya koma hannun cibiyar bincike ta Krembil da ke Toronto a Kanada. A ƙarƙashinsa an yi aikin neman maganin ƙanjamau, an yi na zazzaɓin cizon sauro daga 2011, an yi na Ebola a ƙarshen 2014, shekarar da cutar ta shigo mana Legas da Fatakwal, an yi na tarin fuka daga 2016. A 2019 kuma aka buɗe wani aiki na Jami'ar Fasaha ta Delft da ke Holan, mai kwaikwayon yadda ruwan sama ke sauka a Afirka kudu da Sahara, don a inganta hasashen damina ga manoma. Tun 2006 kuma, cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Suwizalan ta yi shekaru tana gudanar da malariacontrol.net, inda ake lissafa yadda gidan sauro da magani da rigakafi za su rage yaɗuwar zazzaɓi.

Ku duba jerin nan da kyau: zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, ƙanjamau, ruwan sama. Cutar wa ce? Daminar wa ce? Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya 'yan Najeriya ne. Babu gida a Kafanchan, daga cikin gari har Kagoro da Gidan Waya da Zonkwa, da bai taɓa kwana a kan yaro mai zafin jiki ba. Wani ɗan fansho a wata ƙasa mai ƙanƙara, wanda bai taɓa jin kukan sauro ba, ya yi shekaru yana biyan kuɗin wuta don a yi lissafin cutarmu. Mu da muke da rana kyauta, muna zaune muna gardamar ko ya dace.

LISSAFIN MASU HAƘA

Yanzu ga ƙannena masu son haƙa. Ba na zarginku da mugun nufi. Na fi kowa sanin halin asusun ƙungiya, ni nake rubuta takardun tunatarwa ga waɗanda suka yi wata shida ba su biya ba. Amma buri daban, lissafi daban. Ku kawo alƙalami mu zauna.

Na farko, me za ku haƙa? Bitcoin an daɗe da daina haƙarsa da irin waɗannan na'urori. Injuna ne na musamman da ba su san komai ba sai wannan aiki, jibge a manyan rumbuna inda wuta ke da araha. Katinmu biyu a gabansu kamar mai allura ne ya je gasar haƙa rijiya da masu tarakta. Wanda ake haƙa da katin hoto a samu wani abu shi ne Ethereum, shi kuwa ya daina wannan tsari gaba ɗaya ranar 15 ga Satumba, 2022. Tun daga ranar masu katin hoto a duniya suka ruguntsuma kan ƙananan tsabobin da suka rage, ribar ta tsinke, da yawa suka sayar da kayansu da araha. Bidiyon da kuke nuna mana a waya na mutum da ɗaki cike da katuna yana ƙirga daloli, ku duba shekarar da aka ɗauke shi.

Na biyu, wuta. Na'ura ɗaya mai katin hoto idan tana aiki gadan-gadan za ta ci kamar wat 200. A awa 24 ya zama yunit 4.8, a wata yunit 144. Guda biyu, yunit 288. A Afrilun 2024 aka kai farashin yunit na rukunin A naira 225, daga baya aka ɗan sauko zuwa sama kaɗan da 200. Ko da mun ɗauki 200 cif, naira 57,600 ke nan a wata, kafin a haƙo ko sisi. Wannan fa idan akwai wutar awa 24, wanda duk mun san labarin. Idan aka ce janareta, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san kuɗin lita, kuma ƙaramin janareta da wuya lita ɗaya ta ba ka yunit biyu.

Sai ku ce ai muna da sola. Sola da rana take. Haƙa kuwa ba ta barci. Daga faɗuwar rana zuwa hantsi, batura ne za su ɗauki nauyin, kusan yunit biyar zuwa shida kowane dare. Irin baturanmu masu ruwa, yawan zuƙe su har ƙasa shi ke kashe su. Kowane yana da adadin cika da juyewar da zai iya ɗauka a rayuwarsa. Abin da ya kamata ya yi mana shekaru sai ya mutu cikin watanni. Sannan da safe yaran JAMB su zo su tarar da batir a kwance, musamman a watan Agusta da hadari ke rufe mana sama kwana da kwanaki. Wa zai sayi sababbi? Masu ƙosai da masa za a sake komawa?

Na uku, wa zai riƙe makullin asusun kirifton? Ƙungiya tana da akawun banki mai sa hannun mutum uku. Jakar kirifto kuwa wanda ya san kalmomin sirri shi ne mai ita, ko ya tafi Abuja ko ya ce wayarsa ta faɗa ruwa. Ba na cewa wani cikinmu ɓarawo ne. Ina cewa ƙungiyoyin da suka fi tamu daɗewa sun watse a kan kuɗin da bai kai wannan duhu ba.

Kuma mu ji tsoron maimaita abin da muka gani da idonmu. A Disambar 2016 MMM ta rufe asusun mutane. A 2024 gari ya cika da masu dangwalar waya, yaro da babba, a kasuwa da tasha, ana jiran Hamster Kombat. Da aka raba a ƙarshen Satumba kowa ya ga abin da ya samu bayan watanni yana ƙona data da batir. A Afrilun 2025 CBEX ta tafi da dukiyar jama'a. Ba na cewa duk harkar kirifto damfara ce. Wanda ya iya, ya yi da kuɗinsa da na'urarsa, ba ruwana. Amma ƙishirwar da ta kai mutane waɗancan ramuka ita ce nake ji a muryar wasu a taronmu: kuɗi ba tare da gumi ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kayan amana ba a caca da su.

Wani ya ce mini ai akwai tsabobin da ake ba masu wannan aikin binciken ma, me zai hana mu haɗa biyu? Gaskiya ne akwai. Amma da zarar lada ya shigo, saiti zai fara hawa. Wanda ake biya a kan yawan lissafi ba zai yarda na'ura ta huta ƙarfe uku ba. Shawarata kada mu buɗe wannan ƙofa ko kaɗan.

GA IYAYENMU MASU CEWA A KASHE

Damuwarku ta fi ta masu haƙa nauyi a wurina, don haka zan amsa ɗaya bayan ɗaya.

Kun ce leƙen asiri ne, Turawa za su kwashe bayananmu. Manhajar BOINC a buɗe take, duk mai ilmin abin yana iya karanta yadda aka rubuta ta, kuma an shafe fiye da shekara ashirin ana yin hakan. Abin da take karɓa lissafi ne, abin da take mayarwa amsa ce da bayanin irin na'urar. Duk da haka rigakafi ya fi magani: rajistar membobi da takardun kuɗi suna kan kwamfutar sakatariya, kuma ita ba za a sa mata komai ba. Ba za mu shiga kowane aiki ba sai wanda sananniyar jami'a ko cibiya ke riƙe da shi.

Kun ce so duk so ne amma son kai ya fi, mu da muke nema me za mu bayar? Da a ce abin da za a bayar zai rage wa yaro ɗaya minti ɗaya a gaban kwamfuta, ko ya ɗauki naira ɗaya daga kuɗin marayu, da ni ne farkon mai cewa a'a. Amma hasken tsakar rana ne da ya riga ya fi ƙarfin baturanmu. Kamar ruwan Matsirga ne da ke zuba ko an tara ko ba a tara ba. Rowar abin da ba za ka iya ajiyewa ba, ba tattali ba ce.

Kun ce za su gano magani su dawo su sayar mana da tsada. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya, ba zan yi muku ƙarya ba. Babu wanda ya yi alkawarin magani mai araha. Abin da na sani shi ne, sharaɗin World Community Grid ne cewa sakamakon ya zama a buɗe ga kowa, haka ma Folding@home yana sakin bayanansa ga masu bincike. Malami a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke nan Kafanchan yana da damar ɗaukarsu kamar yadda na Landan yake da ita. Kuma kada wani ya ce na ce kwamfutocinmu goma sha biyu za su kawar da zazzaɓi. Ba za su yi ba. Gudummawarmu ƙwayar gero ce a cikin buhu, kuma yawancin lissafin da ake yi yana ƙarewa ne da gano cewa wannan hanya ba ta ɓullewa. Amma da yayyafi kogi kan cika, kuma sanin hanyar da ba ta ɓullewa ma ilmi ne.

Kun ce na'urorin za su lalace. A nan kam kuna da gaskiya idan aka yi abin da ka. Shi ya sa zan juya kan mutanena.

GA MASU ZAFIN KAI A ƁANGARENA

A watan Maris, wasu matasanmu biyu, ba tare da izinin kowa ba, suka sa manhajar a kan ɗaya daga cikin na'urori masu katin hoto, suka buɗe komai ɗari bisa ɗari, suka bar ta har dare. Ƙurar hunturu ta riga ta toshe ragar iska, ga zafin bazara. Kwana na huɗu fanka ta fara kuka, na'urar ta riƙa kashe kanta, sai da muka sayi sabuwar fanka. Niyyarsu mai kyau ce, amma sun yi laifi, kuma su suka ba masu adawa sandar dukanmu. Ƙa'idar farko ta masu wannan aiki a duniya ita ce kada ka sa shi a na'urar da ba taka ba sai da izinin mai ita. Wannan gargaɗi ne har ga membobinmu da ke aiki a asibiti da makarantu da sakatariyar ƙaramar hukuma: kada wani ya karanta rubutun nan ya je ya sa a kwamfutar ofis. Gayya ba a yin ta da fartanyar sata.

Gasar maki ma cuta ce. Waɗannan ayyuka suna ba da maki da ba a sayen ko ashana da su, amma akwai masu ƙona na'urarsu don sunansu ya hau sama a jeri. Mu ba gasa muka zo ba. Jakin da kake so ya kai ka Kachia ba ka ɗora masa kayan raƙumi.

GA ABIN DA NAKE ROƘON A AMINCE DA SHI

Ɗaya: lokaci. Daga ƙarfe 11 na safe zuwa 3 na rana kawai, kuma sai batura sun cika. Manhajar tana da wurin saita awowi, ita da kanta za ta tsaya. Ranar hadari ba a kunnawa. Ba a kan janareta ba, ba a kan batir da dare ba, ko sau ɗaya.

Biyu: furosesa. A kan na'urori goma na ofis, a ba aikin rabin hannaye, biyu cikin huɗu. Akwai saiti iri biyu, na yawan hannaye da na yawan lokaci. Na fi son a rage hannaye, domin rage lokaci yana sa na'ura ta riƙa zafi da sanyi kowane ɗan daƙiƙa, fanka tana tashi tana sauka. Rabin hannaye suna tafiya a natse ya fi.

Uku: katin hoto. Katin yana da dubban ƙananan hannaye masu yin lissafi iri ɗaya a tare, shi ya sa a aikin furotin kati ɗaya yake yin abin da furosesa masu yawa ba za su yi ba. To amma shi ne mai cin wuta da zafi. A ba shi Folding@home, a rage masa iyakar wuta zuwa kamar kashi 70 cikin 100. Abin da za a rasa na sauri bai kai abin da za a rage na zafi ba. A bar masa hannu ɗaya na furosesa fanko don ya riƙa miƙa masa aiki, in ba haka ba katin zai zauna yana jira kamar birkila da babu mai kwaɓa masa siminti. A waɗannan na'urori biyu kada a ɗora wa furosesa wani lissafin daban.

Huɗu: zafi. Idan furosesa ko kati ya haura maki 75 a ma'aunin Salshiyos, a rage kaya. A busa ƙura duk mako biyu a lokacin hunturu, duk wata a sauran shekara.

Biyar: ɗalibi ne gaba. A kunna saitin da ke dakatar da komai, har da katin hoto, da zarar wani ya taɓa linzami ko madannai. Daga buɗe rajistar JAMB zuwa gama jarrabawa, idan ɗakin yana cika da rana, a dakatar da shirin gaba ɗaya.

Shida: rabon ayyuka. BOINC yana barin mutum ya ba kowane aiki kaso. Ina ba da shawarar kaso mafi girma ya tafi ga binciken cututtuka da na yanayi da damina, duk lokacin da suke da aikin rabawa, domin ayyukan nan suna ƙarewa wasu su buɗe. Neman manyan lambobi da taurari abu ne mai kyau, amma a bar wa waɗanda wutarsu ba ta ɗaukewa. Kuma tunda awa huɗu kawai muke yi a rana, a saita na'ura ta karɓi aiki kaɗan. Kowace gunduwa tana da wa'adi. Wanda ya karɓi kunya goma a gayya ya nome biyu ya ɓata wa mai gona lokaci.

Bakwai: data. A sa iyakar abin da manhajar za ta sauke ko ta aika a wata, ƙungiya ta yanke adadin. Ayyukan yanayi fayilolinsu manya ne, don haka na'ura ɗaya ko biyu kawai za a ba su.

Takwas: babu kwamfutar cinya, babu waya. Zafi yana kumbura musu batir, asarar ta fi amfanin.

Tara: asusu ɗaya da sunan ƙungiya, makullinsa a hannun mutum uku, babu haɗa shi da kowace tsabar kirifto. Matasa biyu, namiji da mace, su riƙa kula da shi na wata uku-uku, suna rubuta zafi da awowi da datar da aka ci a littafi, a karanta a taron wata.

Goma: gwaji ne na wata uku. Idan littafin ya nuna batura sun raunana ko an tauye ɗalibai, ni da kaina zan kawo ƙudurin a rufe.

A ƙiyasina duk wannan ba zai wuce yunit uku a rana ba: na'urori goma kowace ta ƙara kamar wat 40 na awa huɗu, yunit 1.6, katuna biyu, wajen yunit 1.2. Ko an haɗa da abin da na'urorin ke ci don suna kunne kawai, faifanmu yana ɗauka da tsakar rana ba tare da an taɓa batir ba. Ku kwatanta da kusan yunit goma a rana na masu haƙa, wanda fiye da rabinsa daga cikin batir zai fito.

Akwai kuma ribar da za ta zauna a gida, wadda a wurina ta fi maki. Yarinyar da ta yi wata uku tana auna zafin furosesa, tana raba hannaye tsakanin ayyuka, tana karanta abin da na'ura ta rubuta idan ta samu matsala, ta koyi sana'ar da ake ɗaukar mutane aiki a kanta. Wanda ya yi wata uku yana kallon farashin tsaba yana hawa da sauka, ban san me ya koya ba sai hawan jini.

Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi. Kakanninmu da dama sun zo ne saboda mahaɗar layin dogo, inda hanyar Fatakwal da ta Kaduna da ta Jos suka haɗu, kuma sun ci abinci ne da aikin da ya wuce ta hannunsu zuwa wasu garuruwan da ba su taɓa gani ba. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu mu riƙe namu ɓangaren aikin da ya fi garinmu girma.

Ina roƙon kowa ya halarci zama mai zuwa. Kafin nan ɗakin a buɗe yake. Duk mai shakka ya zo da ƙarfe ɗaya na rana in nuna masa allon inbata ya ga baturan a cike da idonsa, gani ya kori ji. Masu son haƙa kuma ku zo da lissafinku a rubuce: sunan tsabar, abin da kati ɗaya ke samarwa a rana, kuɗin wuta, da kuɗin batir. Idan lissafinku ya fi nawa, zan karanta shi da bakina a gaban taro in rubuta a littafi cewa sakatare ya sha kaye. Idan kuwa babu lissafin, to ku bar wa yaranmu kwamfutocinsu.

Allah ya sa mu dace.

Naku,
Sakataren ƙungiya, Kafanchan.